Tambayi Makanike: Na Sayi GTI, Ta Ina Zan Fara Kashe Mata Kuɗi?

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga ƙananan motocin nan masu zafin inji, irin su Golf GTI da 'yan uwanta, waɗanda matasan Kaduna suka fara zuba wa ido. Na zaɓi guda huɗu. Na rage doguwar gaisuwar da ke cikinsu saboda fili, a yi mini afuwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Makanike, Allah ya ƙara girma. Na sayi Golf 5 GTI ƙirar 2007, 'yar Beljiyam, mai giyar hannu. Inji lafiya lau, ba ƙarin ƙarfi nake nema yanzu ba. So nake ta riƙe titi sosai a kwana, birki kuma ya ƙara ci. A Zariya nake aiki, kusan kullum ina kan hanya, wani lokaci kuma Abuja. Na tara naira dubu 700. Abokaina sun ce in sa mata wili mai inci 19, in zaunar da ita ƙasa, in sayi farantan birki masu huji-huji. Wani kuma ya ce akwai jan murfi da ake ɗora wa kalifa, wato ƙarfen da ke matse farantin birki, da araha, sai ta koma kamar ta motar tsere. Ta ina zan fara? Daga wani matashi a Barnawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa ka more ta, ya kiyaye hanya. Duk abin da abokanka suka lissafa maka, abin da ido ke gani ne in mota tana tsaye a ƙofar gidan biki. Kai kuwa tambayarka a kan yadda za ta yi maka ne tsakanin Maraban Jos da Jaji, ranar da tirela ta faɗo maka titi ba sigina. Kuɗinka ba za su ɗauki duka biyun ba, sai ka zaɓa.

Kafin ka taka kasuwa, tsuguna a gindin tayarka. Ka jiƙa yatsa ka goge ƙurar gefenta, ka nemi inda aka rubuta DOT. A ƙarshen layin akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zobe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: in ka ga 2316, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2016. Ka duba duka huɗun, domin motar Beljiyam ba kasafai take zuwa da tayoyi iri ɗaya ba. Daga nan ka nemi hoton dutse mai ƙololuwa uku da alamar ƙanƙara a cikinsa. In ka gan shi, yawanci tayar sanyi ce. An yi ta ne domin wuraren da yanayi ke sauka ƙasa da digiri 7. Robarta mai laushi ce, an tsattsaga ta da ƙananan layuka don ta kama dusar ƙanƙara. A kan kwaltar Kaduna a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, sai ta ƙara laushi, ta riƙa lilo a kwana, ta ja wa birki nisa, ta kuma cinye da wuri. Ana yawan shigo mini da mota gareji a ce birki ba ya ci, in leƙa in tarar da fad (abin da ke gogar faranti ya tsayar da wili) da faranti garau, ashe tsohuwar tayar sanyi ce a ƙafarta.

Ga dalilin da ya sa na fara da taya. Birki juyawar wili yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. Motarka ta haura kilo 1,300, amma abin da ke taɓa ƙasa a kowace ƙafa bai wuce faɗin tafin hannunka ba. Ka gwada da kanka: a titin da babu kowa, kana gudun kilomita 50, ka danne birki da ƙarfi. In ka ji feda tana kakkarwa a ƙarƙashin ƙafarka, ABS ne, na'urar da ke hana wili kullewa, ya shiga, wato birkin da kake rainawa ya riga ya fi ƙarfin tayar. Ko kalifar motar tsere ka ɗora mata, a wurin nan dai za ta tsaya. Waɗanda suka ƙera ta sun ba ta faranti mai faɗin milimita 312 a gaba, mai hanyar iska a tsakiya, domin motar da ke kai kilomita 235 a awa. Dokar hanyarmu kuwa 100 ta yarje wa ƙaramar mota a babban titi. Ba ƙarancin birki gare ka ba.

Don haka fiye da rabin kuɗin nan na taya ne, ko da ranka bai so ba. Lambarta 225/45 R17, lambar nauyi 91 ko sama da haka, harafin gudu W ko Y. Sabuwa fil, daga dilan da za ka iya komawa shagonsa in wani abu ya taso. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008, tayar kirki daga waje take zuwa mana, farashinta kuma dala yake bi. Michelin Pilot Sport da Goodyear Eagle F1 da Continental PremiumContact su ne na sama. In sun fi ƙarfin aljihunka, kada ka ji kunya: sabuwar Hankook Ventus ko Kumho Ecsta ko Maxxis ta fi tsohuwar Michelin 'yar gwanjo nesa ba kusa ba. Jami'an Rod Sefti sun sha faɗin shekara huɗu a matsayin wa'adin taya. Masu ƙera ta kuma cewa suke yi in ta kai biyar a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a yar ko da zanenta bai goge ba. Ni dai a zafin garin nan, ba na yarda a sayar mini da wadda ta kwana shekara biyu a sito da sunan sabuwa.

Zanen taya ma ka lura da shi. A cikin ramukan akwai ɗan tudu mai tsawon milimita 1.6, in zane ya yi daidai da shi, taya ta ƙare. Amma mai bin hanyar Zariya a ruwan Agusta kada ya jira ta kai can, ya canza tun tana milimita 3, domin ramukan nan su ne ke kore ruwa daga ƙarƙashinta. In kuma biyu kaɗai ka iya saye, ka sa sababbin a baya. Na san za a yi mini musu, a ce ai gaba ke ja, gaba ke sitiyari. Haka ne. Amma in gaba ta zame, kana ji a hannunka, kana sassauta totur sai ta dawo. In baya ta zame a cikin ruwa, sai dai ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito.

Akwai gyaran da ba ya cin ko sisi: iska. Yawancin masu faci a bakin titi ba sa tambayar lamba, su dai su ɗirka 45 ko 50 har taya ta yi tauri, a ce ta ƙoshi. Tayar da ta cika iska tsakiyarta kawai ke taka ƙasa, ga tsalle, ga santsi. Buɗe murfin tankin fetur ɗinka, akwai takarda liƙe a cikinsa da lambar da ta dace, ta mota ba kaya da ta mota cike. Sayi ɗan gejinka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin taya ta ɗau zafi.

Batun wili 19, mu yi lissafi. A kan wili 17, tsayin robar gefen taya kusan milimita 101 ne. A kan 18 da taya 225/40, ya koma 90. A kan 19 da 225/35, bai kai 80 ba. Wannan robar ita ke shanye dukan rami kafin ya kai ga ƙarfe. Ramin da wili 17 zai wuce da ɗan gunaguni, shi ne zai fitar wa tayar 19 ƙari a gefe ko ya lanƙwasa wilin, ka tsaya neman mai walda a bayan gari. Ga shi manyan wili masu araha sun fi na asali nauyi, kuma nauyi a ƙafa gajiyar da shoka yake yi. Riƙe 17 ɗinka.

Sai birki. Man birki ka canza shi gaba ɗaya, bayaninsa yana cikin amsar Hajiya a ƙasa, ka karanta, kai ma ta shafe ka. Fad kuwa ka nemi na kamfanonin da aka sani: ATE, TRW, Textar, Pagid, Bosch. A bayan fad ɗin da aka yi wa kasuwar Turai akwai tambarin R90, shaidar cewa cinsa bai kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba. Masu jabu su ma sun iya buga tambari, shi ya sa sanin mai shago ya fi karanta kwali. In ka je Ori-Apata ko Panteka, ka tafi da makanikenka, ka ce a fito maka da mai kyau da mai bi masa ka riƙe su a hannu. Na jabu za ka ga fentinsa sama-sama, gefen ƙarfen da kaushi, abin cin birkin kuma kamar manna shi aka yi da gaggawa. Irin su Ferodo DS2500 da EBC Yellowstuff suna jure zafi fiye da na yau da kullum, amma tsadarsu ta kai kuɗin taya guda, ga ƙura a wili, wani lokaci ga ƙara. Waɗanda aka yi wa filin tsere zalla kuwa sai sun ɗau zafi suke ci, kai kuma da sassafe a cunkoson Kawo, mai Keke ya tsaya maka a gaba ba zato, birki mai ci tun yana sanyi kake bukata.

Faranti a auna shi, kada a yi masa kallon ido. Na gabanka kaurinsa milimita 25 ne yana sabo, in ya sauka zuwa 22 ya gama aiki, kuma an buga lambar a jikinsa. In yana da sauran rai, bar shi. In ya ƙare, sayi shafaffe irin na asali. Masu huji-hujin nan na araha daga bakin hujin suke fara tsagewa in sun sha zafi da ruwa, ƙurar hunturu kuma ta toshe ramukan. Jan murfin roba da ake ɗora wa kalifa ba ya ƙara komai sai riƙe zafi a inda ake so zafi ya fita, ga tsoron ranar da zai kwance ya shige cikin wili. In ja kake so, kalifar GTI da janta ta zo, wanke ta kawai za ka yi. Ka dai sa a zaro sandunan da take zamewa a kansu a goge, a shafa musu girishin birki, ba baƙin girishin da ke kumbura roba ba. Kalifar da ta maƙale ita ke cinye fad ɓangare ɗaya, ta kuma riƙa jan mota gefe. Bayan an sa sabon fad, ka samu titi shiru ka yi ta rage gudu daga 80 zuwa 20 da matsakaicin taku, kamar sau takwas zuwa goma, ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiya ya huce. Haka fad ke zama daram a kan faranti.

Abin da ya rage na kuɗin, ƙafar mota za a duba da shi. Motar 2007 ta sha hanya tun kafin ta hau jirgin ruwa. A ɗaga ta, a sa ƙarfe a banƙare lowa-am ɗin gaba kana tsaye kana kallo. Akwai wani babban bush a bayansa, cikin gidan alminiyom, wanda Golf 5 ta yi suna wajen cinyewa. In ka ga robar ta tsage ko tana motsi da yawa, shi ne ke sa wili ya ja baya in ka taka birki, mota ta riƙa yawo a layi, cikin tayar gaba kuma ya cinye. Lemförder ko Meyle za ka nema. A duba boljoyin, tayarod da linkejin sitabilaiza a lokaci guda. Ka ja kunnen yaron gareji kada ya ƙarasa ɗaure kusoshin bush mota tana rataye, sai nauyinta ya zauna a kan ƙafa, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna, ta mutu da wuri.

Shoka in tana zubar da mai, ko ka ga taya ta ci tudu-da-kwari, lokacinta ya yi, kuma bibbiyu ake canzawa. Sachs ko Bilstein B4 za su mayar da ita yadda ta fito. Bilstein B6 ya fi riƙo kuma ba ya bukatar a rage tsayin mota, amma wannan sai wata shekarar, in Allah ya hore. Shokar gwanjo caca ce, ba wanda ya san tafiyar da ta yi.

Zaunar da ita ƙasa kuwa, a'a. GTI tun daga masana'anta ta fi sauran Golf kusanci da ƙasa da milimita 15. Ka ƙara mata 30 a kan haka, sannan ka shiga layukan unguwa inda kowane mai gida ya yi kunyar siminti a ƙofarsa daidai son ransa. Botom-filet ɗinka, kaskon man da ke ƙasan inji, shi ne zai biya, kuma in man inji ya tsiyaye ba ka lura ba, kuɗin inji ya ninka duk abin da muke lissafi a nan. Wanda zai ce a kai wa mai walda ya yanke sifirin kuwa, kada ka sake ba shi aron makulli.

Alaimen shi ne na ƙarshe, bayan an gama duk wani canji a ƙafa, kuma na ƙafa huɗu a kan kwamfuta, domin bayan Golf 5 ma ana saita shi, ba kamar Golf 4 mai gatari guda ba. Ka karɓi takardar awon kafin da bayan aiki ka ajiye.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da Pontiac Vibe GT ƙirar 2004 mai giya shida. Mun dawo daga biki a Jos ta hanyar Kafanchan, mu biyar da kaya. Muna gangaro Hawan Kibo sai na ji birki ya yi laushi, feda ta tafi kusan ƙasa, sai da na yi ta bugawa kafin ya kama. Allah ya tsare. Da muka huta ya dawo daidai. Makanikena ya ce birkin motar ne ƙarami, sai an sa na babbar mota. Haka ne? Daga wata ma'aikaciya a Unguwar Rimi.

AMSA: Hajiya, barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Ba na son raba ki da makanikenki, amma a nan bai duba da kyau ba. Abin da kika kwatanta ba ƙanƙantar birki ba ne, man birkinki ne ya tafasa.

Birki yakan gaza a gangare ta hanya biyu, kuma ƙafa tana bambance su. In fad ne ya ƙone, feda tana nan da taurinta, kina dannawa mota tana tafiya, ga ƙauri yana tashi. In mai ne ya tafasa, feda ce ke nutsewa, in an bubbuga ta ɗan dawo, in an huta kuma komai ya koma kamar ba a yi ba. Naki na biyun ne sak.

Man birki yana shan danshi daga iska a hankali, ta murfin kofinsa da ta jikin tiyo. Motarki man birki mai lamba DOT 3 aka rubuta mata. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205, amma in ya sha ruwa kusan kashi 4 cikin ɗari, sai ya sauko wajen 140. DOT 4 yana farawa daga 230 ya sauko 155, DOT 5.1 daga 260 zuwa 180. Doguwar gangara da mutum biyar da kayan biki, ƙafa kuma tana kan birki tun daga sama, ta isa ta kai kalifa wannan zafin. Da ya tafasa sai tururi ya shiga layi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, don haka ƙarfin ƙafarki a kansa yake ƙarewa bai kai ga wili ba. Da ya huce ya koma ruwa, shi ya sa kika ga kamar ya warke. Bai warke ba, yana jiran wata gangarar ne.

Ki buɗe bonet ki dubi kofin man. Sabo fari ne tas mai ɗan rawaya. In kin ga ya yi duhu, ya daɗe. Akwai ɗan abin awo mai batir da ake tsomawa ya nuna yawan ruwan da ke ciki, garejin kirki ba ya rasa shi. A ƙasar nan ƙara man birki muka iya, ba mu saba canza shi ba, alhali duk shekara biyu ya kamata a zubar. Ki sayi lita guda na DOT 4 a rufe da hatiminsa, ATE ko Bosch ko TRW, ki tsaya a wurin a fitar da tsohon ta kowace ƙafa har sabo ya riƙa fitowa garau ba kumfa. DOT 3 da 4 da 5.1 danginsu ɗaya, suna haɗuwa. DOT 5 kuwa, wanda ba shi da ɗigo ɗaya a gabansa, na silikon ne, yawanci launin shunayya, ba na motarki ba ne ko kusa. Kada a bari man inji ko man sitiyari ya shiga kofin nan ko ɗigo, robobin ciki yake kumburawa. Dabarar direbobin tasha ta zuba ruwan garin sabulu in mai ya ƙare a hanya kuwa, ruwa a digiri 100 yake tafasa, sai ki auna da lambobin da na ba ki.

Yayin da ake aikin, a dubi tiyon roba na kowace ƙafa, in ya tsattsage ko yana kumbura idan an taka, a canza. Kayan motarki ba sa wuya, domin Vibe da Toyota Matrix tagwaye ne, ki ce na Matrix XRS kike so.

Saura tuƙin. Gangara irin ta Hawan Kibo da giya ake sauka. Ki sa ta uku tun daga sama, in ta fi tsanani ta biyu, inji ya riƙe motar. Injinki mai son juyi ne, ƙararsa kada ta tsorata ki. Birki kuma ki taka sosai ki saki, ki sake takawa ki saki, maimakon ɗora masa ƙafa tun daga sama har ƙasa. Masu sakin mota a firi don tsimin fetur su suka fi kowa dafa birkinsu, kuma ba su tsimi komai ba, domin injin zamani in yana cikin giya an ɗaga ƙafa daga totur, yanke fetur yake yi da kansa. In kuma kin tsaya birki na hayaƙi, kada a watsa wa faranti ruwa, a bar shi ya huce don kansa.

TAMBAYA: Oga, Audi A3 ce gare ni, 2.0T ƙirar 2006. Wutar ABS da ta ESP, mai hana mota zamewa, sun kama sun ƙi mutuwa. An ce mini a cire ABS ɗin gaba ɗaya a haɗa layi kai tsaye, wai ya fi ci kuma ba zai sake damuna ba. Daga wani ɗan kasuwa a Tudun Wada.

AMSA: Alhaji, kada ka yarda. Akwatin ABS na motarka ba hana wili kullewa kaɗai yake yi ba, shi ne ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya. Tsofaffin motoci suna da bawul na musamman da ke wannan aikin, taka ba ta da shi. In aka cire akwatin aka haɗa bututu kai tsaye, ranar da ka yi birkin gaggawa ƙafar baya za ta iya riga ta gaba kullewa, motar ta juya da kai. Abin da suke kira ya fi ci ɗin, kukan taya ne kawai suke ji.

A sa mata kwamfuta a karanta laifin tukuna. Sau da yawa ƙaramin abu ne: sensar ƙafa ta mutu, wayarta ta tsinke, ko kuma an taɓa canza boris aka sa wanda ba shi da zoben maganaɗisun da sensar ke karantawa. In lambar da ta fito 01435 ce, mai nuni ga sensar G201, to wannan sananniyar cuta ce ta akwatin Mk60 da ke jikin A3 da Golf 5 na waɗannan shekarun. Sensar matsin birki ce da ke cikin akwatin. Ana gyarawa, ana kuma samun wani akwatin, sai dai a tabbata lambarsa ta yi daidai da taka, a kuma saita shi da kwamfuta bayan an ɗaura.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne, yayana ya bar mini Peugeot 206 GTI. Na ga ana sa ƙarfe a kan inji daga shoka zuwa shoka, ana kuma sa sitabilaiza mai kauri a baya don mota ta daina turjiya a kwana. Wanne ya fi? Kuɗina kaɗan ne. Daga Malali.

AMSA: Ɗana, ƙarfen kan inji kyau yake ƙara wa bonet in an buɗe, a titin gari da wuya ka ji bambancinsa. Sitabilaiza mai kauri a baya kuwa tana aiki da gaske. Mota mai ja da gaba takan so ta miƙe in ka matsa mata a kwana, ƙara wa baya tauri yana rage wannan. Amma 206 gajeriya ce, bayanta ba nauyi, kuma tun asali in ka saki totur farat ɗaya a tsakiyar kwana takan so ta wurgo ƙugu. Ka ƙara mata tauri a kan haka, da tsofaffin taya, a shataletale bayan an yi yayyafi, kai da ba ka daɗe da karɓar lasisi ba, ban ba ka shawara ba.

Ga inda kuɗinka za su yi amfani. Je ka tsaya a bayan motar, taku goma, ka tsuguna ka dubi tayoyin baya. In ka ga kawunansu sun karkata ciki, ko ɗaya ta fi ɗaya, ko akwai alamar gogar taya a cikin mudgad, to boris ɗin gatarin baya ya ci. Ciwon 206 ke nan. Hannayen bayan a kan wasu siraran boris suke juyawa, in ruwa da ƙasa suka shiga sai su rududduge su fara cin sandar da suke kai, kuma alaimen ba ya gyara shi. A ɗaga motar, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza, a kuma sa ƙarfe a taɓa hannun a gani ko yana wasa. In an kama shi da wuri, boris da sil kawai za a canza. In sandar ta ci, sai an yi wa gatarin aiki gaba ɗaya. Sa'arka ɗaya a Kaduna kake: tun a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri, garin nan ba ya rasa dattijon da ya san gatarin Faransa ciki da waje. Irinsu za ka nema, kuma ka roƙe shi ya saita tsayin bayan daidai da yadda ta fito, domin sandunan murɗin da ke ɗauke da bayanta a madadin sifirin, in aka kuskure haƙori ɗaya wajen mayarwa, motar a karkace za ta zauna.